Kukan bel da ƙugin giya a tsohuwar Camry: abin da za a duba kafin a sayi giyabos

Tambaya: Ina da Toyota Camry ƙirar 1999, mai silinda huɗu da giya otomatik, wadda ake kira Fensir. Kwanan nan tana damuna da ƙara iri uku. Da safe idan na tayar da ita takan yi wani kuka mai tsini na ɗan lokaci, kuma yakan dawo idan na kunna AC ko na murɗa sitiyari har ƙarshe. A kan titi kuwa, da zarar na wuce gudun kilomita 60 sai wani ƙugi ya taso daga gaba. Sannan duk lokacin da na saka ribas ko D sai na ji gwaf. Bakanikena ya ce giyabos ne ya gaji, a sayo na Beljiyam. Shin in saya?

Amsa: Malam, kada ka sayi giyabos tukuna. Cikin ƙara ukun da ka lissafa, ta farko ba ruwanta da giya ko kaɗan, ta uku galibi daga injin-sit, wato kujerun robar da inji ke zaune a kansu, take fitowa, ta biyu ce kawai za a iya zargin giya a kanta, ita ma akwai abubuwa masu araha da ya kamata a fara dubawa kafin a kai ga sauke giyabos. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne abin da ba ka ambata ba. Ba ka ce motar tana jinkirin ɗaukar giya ba, ba ka ce inji yana gurnani alhali motar ba ta ja ba, ba ka kuma ce fitilar O/D OFF da ke gaban direba tana ƙiftawa ba. Giyabos ɗin da ya gaji da gaske da waɗannan alamomi yakan fara sanar da mai shi. Camry ta shekarun 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji 5S-FE mai lita 2.2 da giyabos A140E mai giya huɗu, kuma wannan giyabos yana cikin masu juriya ƙwarai, ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba sai an bar shi ba mai ko an bar shi ya yi ta ɗaukar zafi.

Duk wata ƙara a mota tana bin ɗaya daga cikin abubuwa uku, kuma gano wanda take bi shi ne rabin aikin. Akwai wadda take bin juyawar inji, wato tana nan ko motar tana tsaye, kuma tana ƙaruwa idan an taka totur. Akwai wadda take bin gudun taya, ba a jin ta sai motar tana tafiya, kuma ba ta damu da ko inji yana sama ko yana ƙasa ba. Akwai kuma wadda take bin lodi, wato tana zuwa ne a daidai lokacin da aka ɗora wa wani sashe nauyi, kamar kunna AC, ko murɗa sitiyari, ko saka giya. Idan ka auna naka da wannan ma'auni za ka ga ta farko da ta uku na lodi ne, ta biyu kuwa ta gudun taya ce. Ke nan da wuya a ce ciwo ɗaya ne ya haifi duka ukun, kuma sabon giyabos ba zai kashe su gaba ɗaya ba.

Mu fara da kukan safe. Wannan inji yana da bel biyu a waje. Na farko, mai layi biyar, yana fitowa daga fulin kiranshaf ya juya altaneta da kwamfiresar AC. Na biyu, siriri mai layi uku, yana juya famfon sitiyari, wanda yake can bayan inji ta ƙasa, har ma an fi samun sauƙin isa gare shi idan an cire tayar gaba ta dama. Babu ɗayansu da yake da abin ɗaurewa mai gyara kansa irin na sababbin motoci, da hannu ake ɗaure su, saboda haka idan bel ya saki ba abin da zai ja shi sai bakanike ya sa sifana. Dalilin da ya sa kukan ya fi yawa da safe shi ne batir ya yi asarar wuta wajen tayar da mota, altaneta kuma tana ƙoƙarin mayar masa da ita nan take, sai ta yi nauyin juyawa, bel ɗin da ya saki ko ya yi santsi kuwa sai ya zame a kan fuli maimakon ya ja shi. Wannan zamewar ita ce kukan. Sanyin hunturu yakan sa roba ta ƙandare, raɓar damina kuma takan jiƙa ta, shi ya sa abin ya fi tsananta a waɗannan lokuta. Tun da naka yana kuka a kan AC kuma yana kuka a kan sitiyari, ina kyautata zaton duka biyun sun saki ko sun tsufa tare, domin galibi rana ɗaya ake saka su.

Kafin a saye komai, a kashe mota a duba bel ɗin da fitila. A juyo cikinsa a ga layukan: idan sun tsattsage, ko wani yanki ya ɓalle, ko gefensa ya fara fitar da zare, ya gama aiki. Idan bayansa da cikinsa suna sheƙi, shi ma ya ƙone da zamewa, ɗaurewa ba za ta dawo da shi ba. Sai dai a lura cewa bel ɗin da ake yi yanzu da robar EPDM ba ya tsattsagewa kamar na da, cinyewa yake yi a hankali, layukan su sirance har ya nutse cikin fuli, saboda haka rashin tsaga ba shaida ce ta lafiya ba. Daga nan a danna tsakiyar bel ɗin da babban yatsa da ƙarfi, a wurin da ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Idan ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko makamancin haka, ya saki.

Akwai gwaji mai sauƙi da ruwa. A bar inji yana silo, a fesa ruwa kaɗan a cikin bel ɗin, ta gefen layukan. Idan kukan ya ƙaru, rashin ɗauri ne. Idan ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya dawo, musamman idan irin ƙaramin kukan nan ne mai yankewa, ƙis ƙis ƙis, to fulin ne ba sa kan layi ɗaya, ko wani cikinsu ya karkace. Idan kuwa ruwan bai canza komai ba, ƙarar ba ta roba ba ce, boris ne a cikin altaneta ko kwamfiresa ko famfon sitiyari. Ana tantance wanda ya lalace ta hanyar ɗora bakin dogon sukudireba a jikin kowanne, a kara kunne a kan mariƙinsa, wanda yake ƙarar niƙa a ciki ba ya ɓuya. A nan dole in ja kunne: ba a sunkuya a kan inji mai juyawa da babbar riga ko hannun kaftani a sake, ko carbi yana lilo, kuma fankar lagireto ta lantarki ce, tana iya tashi ba tare da sanarwa ba.

Gwajin da ya fi yanke gardama shi ne a cire bel biyun gaba ɗaya a tayar da mota na minti ɗaya ko biyu. A wannan inji ba wani haɗari a ciki, domin taimin bel ne yake juya famfon ruwa, ba na wajen ba, saboda haka inji ba zai yi zafi ba, iyaka fitilar batir za ta kama. Idan ƙarar ta ɗauke, an tabbata tana cikin abubuwan da bel ɗin waje ke juyawa, sai a kashe mota a juya kowane fuli da hannu, a ji wanda yake gurzawa ko yake girgiza. A wannan lokaci a duba fulin kiranshaf da kyau. Ƙarfe biyu ne da zoben roba a tsakaninsu, kuma a motar da ta haura shekara ashirin robar takan bushe ta saki, sai zoben waje ya riƙa zamewa a kan na ciki yana kuka irin na bel sak. Na sha ganin an canza bel sau biyu sau uku kukan bai tafi ba, ashe fulin ne. A ja layi da alli daga tsakiyar fulin zuwa bakinsa, a yi yawo da motar da AC a kunne, a dawo a duba. Idan layin ya rabu biyu, fulin ya mutu.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne al'adar ɗiga man birki, ko baƙin mai, ko goga sabulu a kan bel don ya yi shiru. Zai yi shirun, amma na kwana ɗaya ko biyu, bayan nan robar ta kumbura, ƙura ta manne mata, zamewar ta ninka. Haka nan ɗaure shi tamau fiye da ƙima, wanda wasu yaran gareji suke ɗauka shi ne ƙwarewa, boris ɗin altaneta da na kwamfiresa yake ci, ka tsere wa kuɗin bel ka faɗa kuɗin altaneta. Gyaran da ya dace ga bel na farko shi ne a sassauta kusar da altaneta ke lilo a kanta da kusar kulle, a ja ta da kusar ɗauri har bel ya kama daidai, sannan a ƙulle duka. Idan sabo aka saka, a bar inji ya yi aiki kamar minti biyar a sake duba ɗaurin, a kuma sake dubawa bayan 'yan kwanaki, domin sabon bel yakan zauna ya ɗan saki. Wajen saye a tafi da tsohon, a karanta lambar jikinsa: adadin da ya zo kafin haruffan PK shi ne yawan layuka, wanda ya biyo bayansu kuma tsawo ne a milimita. Bando da Mitsuboshi da Gates da Dayco duk suna yin mai kyau, amma jabu ya yi yawa, saboda haka ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, a je wurin ɗan kasuwar da aka sani. A kuma sa mai wayarin ya auna batir da cajin altaneta, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin volt 13.5 da 14.5 idan inji yana aiki, domin batir mai rauni yakan dawo da kukan safe ko da bel sabo ne.

Game da sitiyari akwai ƙarin bayani kaɗan. Idan ƙarar da kake ji lokacin murɗawa kuka ne mai tsini, bel ne. Idan kuwa gurnani ne mai kauri, man sitiyari ne ya yi ƙasa ko iska ta shiga, sai a duba tulunsa, a ga ko man yana kumfa. Wannan mota man giya otomatik take sha a sitiyari, nau'in Dexron. Kuma ka daina riƙe sitiyari a ƙurewarsa, domin ko lafiyayyen famfo yakan yi ƙara idan an danne shi haka.

To idan an cire bel biyun kuma ƙarar tana nan daga gefen dama na inji fa? Nan magana ta koma kan taimin bel, wanda yake ɓoye a bayan murfin roba. Shi yake juya kamshaf da famfon ruwa da famfon baƙin mai, kuma yana bi ta kan fuli biyu masu boris. Idan boris ɗin fulin ko na famfon ruwa ya gaji, ana jin ƙarar gurza ko ƙugi siriri da yake bin totur. Idan an ɗaure shi fiye da ƙima yakan yi wani kuka kamar na iska, idan kuma ya saki yakan riƙa dukan murfinsa. Wannan inji ya yi suna wajen yoyon mai ta oyil-sil (zoben robar da ke tare mai) na kamshaf da na famfon mai, kuma man yakan zuba ne daidai kan taimin bel ya ruɓar da shi. Lokacin canza shi yana tsakanin kilomita 100,000 da 145,000 gwargwadon shekarar mota da ƙasar da aka yi ta dominta, amma a kula, yawancin waɗannan motoci daga Amurka aka kawo su, mita ɗinsu mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Sauƙin da ke akwai shi ne idan ya tsinke a 5S-FE fistin ba ya haɗuwa da bawul, motar za ta mutu ne kawai a inda take. Duk da haka wanda ya taɓa tsayawa a dajin Falgore da magariba ba zai kira wannan sauƙi ba. Idan za a buɗe, a canza bel da fuli biyun da famfon ruwa da oyil-sil gaba ɗaya, domin kuɗin aikin ɗaya ne.

Sai batun gwaf. Inji da giyabos suna zaune ne a kan kujerun roba, kuma a saman injin, ta gefen dama, akwai wani ɗan gajeren ƙarfe mai roba a kowane baki wanda yake hana inji tuntsurawa gaba ko baya. Shi ne yake fara mutuwa a wannan Camry, kuma yana cikin mafi araha da sauƙin canzawa a motar duka. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, mutum ɗaya ya taka birki da ƙarfi ya saka D sannan ribas, ɗayan ya tsaya a gefe, ba a gaban motar ba, ya zuba wa injin ido. Motsi kaɗan ba laifi ba ne, amma idan injin ya yi tsalle ya buga, robar ta yage. A duba na gaba da na baya ma, domin idan ɗaya ya daɗe a mace yakan kashe sauran. Abu na biyu da ke kawo gwaf shi ne silo ya yi sama. Idan inji ya ɗumama, allurar ya kamata ta tsaya wajen 700 zuwa 750, idan tana kan 1,200 ko sama da haka duk giyar da aka saka da duka za ta shiga, maganinsa kuma wanke maƙogwaron totur da bawul ɗin silo ne. Na uku, wannan giyabos yana da wata waya da ta taso daga totur ta shiga cikinsa, ita take gaya masa ƙarfin da zai matsa mai. Idan wani ya taɓa ta ya ja ta da yawa, giya takan shiga da ƙarfi. Saita ta aikin minti kaɗan ne ga wanda ya san ta.

Yanzu ƙugin kan titi, wanda shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. A nemi miƙaƙƙen titi mai lafiya marar cunkoso. Idan ƙugin ya taso, a ɗan karkata sitiyari dama sannan hagu a hankali. Idan ya ƙaru a gefe ɗaya ya ragu a ɗayan, boris ɗin taya ne, kuma galibi wanda nauyin motar ya koma kansa ne yake kuka, wato idan ya ƙaru lokacin da aka karkata dama, a fara zargin na hagu. Idan ƙugin yana canzawa da canjin kwalta, yana ƙaruwa a kan mai kaushi yana raguwa a kan mai laushi, a shafa tayoyin da tafin hannu, za a iya jin sun ci tudu da kwari, sai a mayar da na gaba baya a sake gwadawa. Idan kuwa ƙugin yana ƙaruwa lokacin da aka taka totur, yana sauya murya ko ya ɗauke da zarar an ɗaga ƙafa, kuma karkata sitiyari ba ta canza shi, to hankali ya koma kan difarenshal, wato haƙoran da suke raba juyi zuwa tayoyin gaba biyu.

A nan ne A140E yake da wani hali da kanikawa da dama ba su sani ba, kuma shi ne abin da nake so ka fara dubawa gobe. Difarenshal ɗinsa yana da ɗakin mai nasa daban, wanda ba ya haɗuwa da na giyabos. Gejin da ake zarowa a ƙarƙashin bonet ba ya nuna shi, man da ake zubawa ta bututun geji kuma ba ya isa can. Yana da kusar juyewa tasa a ƙasa da kusar cikawa tasa a jikinsa, kuma yana cin kusan lita 1.6. Abin da yakan faru shi ne oyil-sil na shaf, wato sandar da ke kai juyi zuwa taya, ya riƙa yoyo a hankali shekara da shekaru, ko a zare shaf don gyara mai ya zube a mayar ba a ƙara ba, ko kuma wani ya kwance kusar juyewarsa yana zaton ta giyabos ce, sannan ya zuba sabon mai ta sama. Sai motar ta tafi da giyabos ya cika ya wuce ƙima, difarenshal kuma a bushe. A ɗaga motar ta tsaya daidai ba karkace ba, a fara kwance kusar cikawa kafin ta juyewa, don kada a juye mai sannan a tarar ta cikawa ta ƙi kwantuwa. A zura yatsa: man ya kamata ya kai bakin ramin. Abin da ake zubawa shi ne man giya otomatik Dexron II ko III, ba mai kaurin nan lamba 90 da aka saba zuba wa akzil ɗin Fijo 504 ba. Idan an tarar da shi ƙasa aka cika da wuri, sau da yawa ƙugin yakan ragu sosai, motar ta ci gaba da aiki. Idan an makara har boris da haƙora sun cinye, ƙugin ba zai tafi ba, a nan ne maganar bakanikenka za ta fara samun gindin zama.

Shaf ɗin kansa ƙararsa daban ce, ba ta rikicewa da wannan. Mahaɗinsa na waje, na wajen taya, yana yin ƙas ƙas ƙas ne idan an sha kwana ana taka totur, na ciki kuma yana girgiza motar lokacin da take ɗaukar gudu. Idan robar da ta rufe su ta yage, za a ga giris ya fantsama a cikin taya.

Man giyabos ɗin shi ma a duba shi yadda ya kamata, domin yawancin mutane a kashe suke duba shi kamar baƙin mai, wanda kuskure ne. A yi tafiya da motar har ta ɗumama, a tsaya a wuri mai daidai, a bar inji yana aiki, a taka birki a zagaya da sandar giya daga P har L a dawo P, sannan a zaro geji a goge a mayar a sake zarowa. Man ya tsaya a cikin alamar HOT. A ɗiga shi a kan farar takarda. Ja garau lafiya ce, ruwan ƙasa marar wari tsufa ne kawai, baƙi mai ƙauri kuwa alama ce faiba, wato faifan da ke kama giya a cikin giyabos, ta ƙone. Idan ya fito fari-fari da kauri, ruwa ya shiga, ko daga bututun sanyaya man da ke ƙasan lagireto, ko daga kutsawa cikin ambaliya, kuma wannan ba ya jira. Idan mai ya yi ƙasa ko rariyarsa ta toshe, famfon giya yakan yi wani ƙugi siriri wanda ake ji ko a P ko a N, yana bin totur. Idan ƙugin yana zuwa ne a D da ribas motar tana tsaye, ya ɗauke a N, kwambata, wato tulun man da ke miƙa juyin inji ga giyabos, ita ce abar zargi. Idan yana nan a giya ta ɗaya da ta biyu da ribas amma ya yi shiru a ta uku, haƙoran cikin giyabos ne, domin a giya ta uku dunƙulewa suke yi su juya tare. Ana gwada wannan da maɓallin O/D da ke jikin sandar giya, wanda yake hana motar wuce giya ta uku.

Idan man ya tsufa amma bai ƙone ba, shawarata ita ce a juye, a sauke kaskon ƙasa, a wanke rariya ko a canza ta, a saka sabon gasket. A cikin kaskon akwai maganaɗisu, kuma su ne shaidun gaskiya. Idan abin da ya manne musu laushi ne, baƙi-baƙi kamar kwalli idan an murza shi tsakanin yatsu, cin yau da gobe ne, ba abin tsoro ba. Idan kuwa akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da yake sukar yatsa, ko gutsattsarin faiba, to ciki ya fara rushewa. Juyewa ɗaya kusan lita 2.5 kawai take fitarwa, ƙasa da rabin abin da ke ciki, sauran yana cikin kwambata, saboda haka a maimaita bayan an yi 'yar tafiya ta wasu makonni. Ba na son a tura mai da injin matsi a cikin giyabos mai wannan shekaru, yakan taso da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin bawul. Idan man ya riga ya yi baƙi ƙirin kuma motar tana zamewa, sabon mai ba zai warkar da ita ba, wani lokaci ma zamewar takan fito fili bayan an canza, sai a ɗora wa man laifin da ba nasa ba.

Alamomin da za su sa in yarda a sauke giyabos sanannu ne. A lafiyayyen A140E, daga N zuwa D giya tana kamawa cikin ƙasa da daƙiƙa 1.2, daga N zuwa ribas kuma ƙasa da 1.5. Idan sai an ƙirga uku ko huɗu kafin ta kama alhali mai yana daidai, ko allurar inji tana tashi sama tsakanin giya da giya motar ba ta ƙara gudu, ko ribas ta ɓace idan mota ta yi zafi, ga kuma ƙarfe a kasko, to an kai wurin. Ko a nan ma a fara jona kwamfuta, tun da motocin Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD-II. Lambobi irin su P0750 da P0755 da P0770 solenoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke sarrafa man giya, suke nunawa, P0500 kuma na'urar auna gudu ce, kuma ana gyara waɗannan giyabos yana jikin mota, wani lokaci ma waya ce kawai ta tsinke ko soket ya yi tsatsa.

Idan bayan duk wannan ta tabbata sai an saya, ka tuna na Beljiyam ɗin ma sa'an motarka ne a shekaru, ba sabo ba ne. A tabbata na silinda huɗu ne, domin na V6 daban yake, kuma soket ɗinsa ya yi daidai da naka. A sauke kaskonsa a gaban mai sayarwa a duba maganaɗisun, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Wajen ɗaurawa a wanke bututun sanyaya mai na lagireto, in ba haka ba dattin tsohon zai shiga sabon tun ranar farko. A saka sababbin oyil-sil na kwambata da na shaf biyu tun yana ƙasa, a tabbata kwambata ta zauna har ƙarshe kafin a haɗa shi da inji, domin idan aka ja shi da kusoshi ba ta zauna ba famfon mai ne zai fashe. A cika giyabos, a cika difarenshal daban, a saita wayar totur. Idan kuma motar ta mutu a hanya kafin a kai ga haka, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin gaba suna ƙasa, domin famfon man giya ba ya aiki sai inji yana juyawa, a nemi a ɗaga gabanta ko a ɗora ta a kan babbar mota.